A Gidan Inna Harira Ba A Riƙe Jirgi

Tun da na gama sakandare nake zaune a shagon baƙin mai na Kawuna a Kawo. In zuba wa direbobi, in goge hannu, in koma kan benci. Jami'a ba ta samu ba. Abin da ya rage min na makaranta shi ne sikawut ranar Asabar, shi ma don ba ni da wani wurin zuwa ne.

Sai ga shi wata ƙungiyar 'yan sikawut ta Kanada ta gayyaci mutum shida daga cikinmu. Tafiyar daji ce. A shiga kwale-kwale, a bi tafkuna, a kwana a tanti, ba gari ba waya. Shugabanmu Malam Zaharaddeen, wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Unguwar Dosa, shi ya kira sunayen. Nawa ne na ƙarshe. Ban yi murna a gaban kowa ba. Amma ranar sai da na bar wani mai bas ya tashi ban rufe masa murfin inji ba.

Bibbiyu aka haɗa mu, kowane jirgi mutum biyu. Ni aka haɗa da Nuraddeen ɗan Rafin Guza, wanda muke kira Nura. Gidansu masu ɗebo yashi ne a kogi. A ruwa ya koyi rarrafe. Ni kuwa iyakata inda ƙafata ke taɓa ƙasa. Malam ya ce da gangan ya haɗa mu.

Nura ya ce, "Sharhabil, ka huta. Ko buhun siminti aka ba ni zan fito da shi."

Na ce, "Na gode."

Wani kulob ya ara mana jirgin roba mai launin ruwan lemo, da rigunan da ke hana mutum nitsewa. Muna atisaye a wata kwana ta kogi bayan Rafin Guza, inda ruwa ke kwance yana da zurfi. Mun koyi tuƙi a durƙushe da filafili, ba a tsaye da gora ba irin na mutanenmu. Mun koyi kifa jirgi a ka mu yi tafiya da shi, don can wai tsakanin tafki da tafki kai ne motar jirginka. Mun koyi rataye abinci a reshen bishiya, saboda wata ƙatuwar dabba mai bin ƙanshi. Nura ya ce in dai ta ɗanɗana yajin kilishinmu, ita za ta riƙa rataye kanta.

Abu ɗaya mutanen can suka nace a kai. A ɗauki bidiyo: a kifar da jirgi da gangan a wuri mai zurfi, mutum biyun su tsaya a wurin jirgin har jirgin ceto ya iso. Malam ya yi mana bayani. Ruwan can sanyi ne da shi kamar ƙanƙara, gaɓa kuma nesa. Gwanin iyo ma kafin ya kai jikinsa ya sandare. Kuma mai neman ka daga nesa jirgi yake hangowa, ba kan mutum ba. Wanda ya bar jirgi ya faɗi, abokin tuƙinsa ma ya faɗi tare da shi. Duka biyun za a cire.

Ranar farko muka kifar. Ruwa ya shiga min hanci, na laluba na cafke gefen jirgin da hannu biyu. Ba ilimi ba ne, tsoro ne. Kafin in gama share ido, Nura yana gaɓa yana matse wando.

Malam ya ce, "Nuraddeen, ina za ka?"

"Na fito, Malam."

"Wa ya ce ka fito?"

Yara suka yi dariya. Wani ya ce kifi ya ga ruwa ya manta da darasi.

Asabar ta zagayo, muka sake, ya sake. Sauran duk sun wuce, bidiyonsu ya tafi. Mu kaɗai muka rage. Ga hadari ya fara haɗowa ta gabas, ruwan kogi ya fara ja. Malam ya tara mu a gindin wani tsibin yashi.

Ya ce, "Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe. In kogi ya kawo, ba na saka ɗan kowa a ciki. In ba ku yi ba, na cire ku, na huta."

A hanya na tare Nura.

Na ce, "Me na yi maka?"

"Ba ka yi min komai ba, mutumina."

"To riƙe gefen roba ne ya gagare ka?"

Ya ɗauki tsakuwa ya jefa cikin kwata. Ya ce, "A gidanmu ba a riƙe jirgi."

"Ban gane ba."

"Ka tambayi Inna."

Ya wuce. Na tsaya ina kallon bayansa. Na ji haushin sa, na ji haushin Malam, na ji haushin bencin shagon Kawu da ke jira na.

Ranar Laraba bayan la'asar na je gidansu. Mahaifiyarsa, Inna Harira, tana suyar awara a zaure. Na durƙusa na gaishe ta. Ta san ni, ta taɓa gani na tare da shi.

Ta ce, "Kai ne wanda ba ya iya ruwa?"

"Ni ne, Inna."

"Allah Ya kyauta. Zauna."

Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ba ta daina juya awara ba har na gama. Sannan ta ce Nura yana da yaya. Yayan ya yi lodin yashi da damina, jirgin ya kife a tsakiyar kogi. Jirgin aro ne, na maƙwabci. Abokan aikinsa suka saki suka yi gaɓa, suna ce masa ya saki. Bai saki ba, yana jin kunyar kayan mutane. Jirgin katako da nauyin yashi, in zai tafi ƙasa da kai yake tafiya. Sai a can ƙasan gada aka tsince shi.

Ta ce, "Ranar da aka kai shi na kira Nura. Na ce duk ranar da jirgi ya kife da shi ya sa hannu ya riƙe, ban yafe ba. A gaban babansa na faɗa."

Na ce, "Inna, wannan na roba ne. Ko an cika shi da ruwa ba ya nitsewa. Na gwada."

"Shi ma wancan cewa aka yi bai taɓa kifewa ba."

"Na ɗan lokaci ne kawai. A ɗauki hoto, shi ke nan."

"Can da za ku je fa? Shi ma hoto ne?"

Na kalli kaskon.

Na ce, "In bai riƙe ba, ni ma an cire ni."

Sai a lokacin ta dube ni sosai. Ta ce, "Ɗan nan, kai tafiya kake nema. Ni ɗa na binne. Maganata tana nan."

Ta ƙulle min awara a leda da yaji a gefe. Na karɓa, don ba a ƙi. Ban ci ba. A Kawo na ba wani kwandasta.

Ban sake yi wa Nura maganar ba. Mutum ba ya ce wa abokinsa ya taka bakin uwarsa. Malam ma da na gaya masa, ya ce sunaye sun riga sun tafi bibbiyu, ba a sauyawa. Ya ce za mu gwada dai, a fita haƙƙi.

Asabar da safe gari ya yi luf. Ruwan ya ƙara ja, yana ɗauko ledoji da karan masara. Muna ɗaura riguna na hango Inna Harira. Tana tsaye kusa da tsibin yashi, ta yafa mayafi, hannunta a baya. Nura ya gan ta, ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya kira ta. Ina jin zuwa ta yi ta tabbatar.

Muka tuƙa zuwa tsakiya. Malam yana cikin jirgin ceto can nesa da wayarsa a ɗage. Ya hura usur.

Nura ya ce, "Ka yi haƙuri, baba."

Na ce, "Kifar kawai."

Muka kifar. Wannan karon ruwan yana da ƙarfi. Na taso, na cafki gefen jirgin, hannu ɗaya ya zame, na sake kamawa. Jirgin ya fara juyawa da ni a hankali yana bin ruwa. Na waiga. Nura ya riga ya miƙe, yana yanka ruwa zuwa gaɓa, kansa na shiga yana fita. Na ce shi ke nan. Na fara tunanin abin da zan gaya wa Kawu.

Sai na ji murya daga gaɓa, irin wadda ake kiran yaro da ita daga ƙarshen layi.

"Nuraddeen!"

Ya tsaya cak a cikin ruwa.

"Ɗan mutane za ka bari a tsakiyar kogi? Wanda ko kwata ba ya iya tsallakewa? Haka na ce maka?"

"Inna, ke kika ce..."

"Jirgi na ce! Na ce maka kar ka riƙe mutum? Koma ka riƙe shi, mara kunya!"

Ya juyo. Ban taɓa ganin ya yi iyo da sauri haka ba. Ya iso, ya zagaya ta bayana don kada ko kafaɗarsa ta goga jirgin, ya damƙi wuyan rigata kamar an kamo ɗan akuya a kasuwa.

Na ce, "Za ka shaƙe ni."

"Yi shiru. Kai ka riƙe robarka, ni na riƙe ka. In ta fara ƙasa, fizge ka zan yi, ko ka so ko ka ƙi."

"Ba ta nitsewa."

"To Allah Ya sa."

Haka muka tsaya. Ni da jirgi, shi da ni, ruwa na jan mu duka a hankali. Ina jin numfashinsa a ƙeyata. Bai saki ba har Malam ya iso ya miƙo filafili.

A gaɓa Malam ya sake kallon bidiyon, muna tsaye muna ɗiga. Ya ce wa Nura, "Ka tafi ka dawo. Kuma hannunka bai taɓa jirgin ba."

Na ce, "Cewa suka yi a tsaya a wurin jirgi, Malam."

Ya dube ni, ya dubi Inna Harira da ke gyara mayafi za ta tafi. Ya ce ba zai yanke komai ba, haka zai tura wa mutanen can, da ihun da duk abin da ke ciki, kuma zai yi musu bayanin dalili. In sun ƙi, sun ƙi.

Inna ta zo wucewa ta gabanmu. Ba ta kalli ɗanta ba. Ni ta ce wa, "Can ma haka za ku yi. Kai jirgi, shi kai."

Na ce, "To, Inna."

Ranar Talata ina zuba wa wata tasi mai Malam ya kira. Ya ce sun karɓa. Sun ce dai a gaya wa mai riƙon ya riƙa kama kafaɗa, ba wuya ba.

Na ce to. Na rufe murfin injin, na duba shi da kyau, na goge hannu. Shatin rigar yana nan a wuyana, ja, kamar na igiyar ragon layya. Da daddare aka yi ruwan farko mai ƙarfi, washegari kogi ya kawo.