Ranar da Ta Tausaya wa Kwamfuta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo, muna ji.

Wata mata ce, mijinta mai buga wa mutane takardu. Kullum kwamfutarsa na roƙon a sa mata sabon tsari, shi kuwa sai ya danna "daga baya", don tsohuwar firintarsa ba ta aiki sai da tsohon. Rannan tana goge masa tebur ta ga saƙon, ta ce, "Baiwar Allah ta gaji da roƙo," ta danna "yanzu".

Da ya dawo, tsohuwar firintarsa ta ƙi ko motsi, don sabon tsarin bai san ta ba.

"Maigida, ni ce na danna," in ji matar.

"Ai na sani, ga tsummanki nan."

Firintar tana ƙarƙashin gado yanzu. Shi yana kai aikinsa shagon maƙwabci, ita kuwa kullum ya fita sai ta sunkuyar da kai.