Ƙarar Awarwaro

Likitar ta cire takalmanta ta zauna a ƙasa, kan shimfiɗar roba, ta miƙe ƙafa kamar wadda ta zo hira. Maman Injiniya ta bi ta da kallo. Ita dai ba ta taɓa ganin ɗakin likita babu gado, babu allura, babu ko abin auna zafin jiki ba. Kwandon kayan wasa ne kawai, da kujera biyu, sai wani ƙaton madubi da ya cinye rabin bango.

"Da wane suna kuke kiransa a gida?" in ji likitar.

"Injiniya. Babansa ne ya laƙaba masa, saboda son taya."

Yaron, ɗan shekara huɗu, tuni ya kifar da wata motar wasa yana juya tayarta da yatsa, hancinsa dab da ita. Makarantarsu ce ta ce a kawo shi a duba. Wai ba ya magana, ba ya amsa kira, kuma in babu bayanin likita kada ya dawo zango mai zuwa. Maman Injiniya ta san inda aka dosa. So ake a liƙa wa ɗanta wani suna, irin wanda ko da sabulu ba ya fita. Shi ya sa ta shirya. Tun da aka ba su rana take koya masa a ɗaki, ba wanda ya sani: ta kaɗa awarwaron hannunta, in ya ɗago kai ta sa masa alewa a baki. Har ya iya.

"Don Allah, Mama, kome zai yi kada ki taimake shi," likitar ta ce. Sannan ta kira, "Injiniya!"

Maman ta yi kamar tana gyara mayafi. Awarwaron suka yi 'yar ƙara. Yaron ya ɗago, ya dubi wajen manya, ya koma kan tayarsa.

Likitar ta sake kira. Maman ta sosa kunne. Ya sake ɗagowa.

A nan ne madubin ya yi tari.

Tari ne na mutum, na namiji ma, wanda aka yi ƙoƙarin dannewa. Maman Injiniya ta miƙe tsaye. Ta je ta manna fuska a gilashin, ta kare gefen idanunta da tafin hannu. Inuwoyi ta gani, a jere, a zaune.

"Su waye waɗannan?"

"Likitoci ne, suna karɓar horo a kan duba yara irin wannan. Ai an yi wa babansa bayani ranar da ya zo karɓar lokaci, ya amince."

"Babansa! Mutumin da ko lambar takalmin yaron bai sani ba? Wato ɗana kuka samu na koyon hannu?"

"Kina da ikon cewa a'a. Yanzu sai a ja labule."

"Ba labule nake so ba. Idonsu nake son gani."

Ta fita, ta bar ƙofa a buɗe don kunnenta ya zauna a kan ɗanta. Ta waiwaya sau ɗaya. Bai ma san ta tashi ba.

Ɗakin da ke bayan madubin ƙarami ne, babu haske sosai. Ta wannan ɓangaren madubin gilashi ne kawai, ana hango yaron da likitar sarai. Mutum biyar ne a ciki, da wata babbar likita mai tabarau wadda da gani ita ce malamarsu. Duk suka yi tsuru-tsuru kamar ɗaliban da aka kama da surutu. Wani matashi riƙe yake da waya.

"Kai, me kake ɗauka?"

"Wallahi a kashe take, Mama."

"Nuna min."

Ya nuna mata. Ta danna gefen wayar da kanta, ta tabbatar, sannan ta ce ya kifa ta a kan tebur. Ya kifa.

Wani dattijo mai furfura a gemu ya ɗaga hannu kamar mai neman izini. "'Yata, ni na yi tarin. A yafe min. Ɗan aji ɗaya ne ni a nan."

"Da furfurar taka, Baba?"

"Da ita. A zamaninmu zazzaɓi da gudawa aka koya mana. Yaron da ba ya waiwayowa kuwa, ba wanda ya nuna mana yadda ake dubansa. Shi ne na zo in zauna a benci."

Ba ta yi dariya ba. Daɗin baki ba ya sayenta.

"To, me kuka gani a jikin ɗana?"

Matashin mai wayar ya yi saurin amsawa, yana son ya wanke kansa. "Ki kwantar da hankalinki. Sau biyu aka kira shi, sau biyu ya ɗago. Ni dai ban ga abin damuwa ba." Biyu daga cikinsu suka gyaɗa kai.

Shi ke nan, ta ci. Abin da ta zo nema ke nan. Zai koma makaranta, ta huta da bakin malamarsa da na dangin babansa.

Babbar likitar dai ta dubi hannun Maman Injiniya ta saman tabarau, ta mayar da idonta kan gilashin.

Maman ma ta duba. Ba ta taɓa ganin ɗanta daga nesa haka ba, ita tana wani wuri, shi yana wani. Ashe ƙarami ne sosai. Ashe wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muryar likitar ta fito ta wata 'yar lasifika a bango.

"Injiniya."

Hannun Maman ya motsa da kansa. Awarwaron suka yi ƙara a cikin ɗan ɗakin, kowa ya ji. Ta sake kaɗawa, da ƙarfi, ba ta ma damu da ɓoyewa ba. Gilashin ya haɗiye ƙarar. Yaron na can yana juya taya.

"Injiniya!"

Ko gezau.

Sai ta tuna ƙofar makarantarsu, wadda ke buɗewa kai tsaye kan titi. Ta tuna yadda yake zare hannu ya nufi kowace mota da ta tsaya, don ya taɓa tayarta. Malamarsa ba ta sa awarwaro. Mai gadin ma haka. Sunansa kawai za su kira.

A can ciki likitar ta daina kira. Ta ɗauko wata motar, ta kifar da ita kusa da tasa, ta fara juya tayar ita ma. Ta juya, ta juya, sai ta dafe ta cak. Yaron ya tsaya. Ya kama yatsanta ya mayar kan tayar, bai dubi fuskarta ba.

"Kun gani?" babbar likitar ta ce da ɗalibanta a hankali. "Yana son a ci gaba, kuma ya faɗa. Ku lura da yadda ya faɗa. Daga nan ake farawa."

Maman Injiniya ta matse yatsunta, ta zare awarwaron ɗaya bayan ɗaya, har fatar hannunta ta yi ja. Ta ajiye su a kan tebur, kusa da wayar da aka kifa.

"Riƙe min," ta ce da matashin. "Na san adadinsu."

A bakin ƙofa ta juyo ta dubi dattijon. "Kai kuma, Baba, in tarin ya zo ka fita waje."

Ta koma ɗakin, ta zauna a kujerarta, ta sa tafin hannuwanta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta ta danne.

"Likita," ta ce, "a sake daga farko."