Ƙararrawar da ke Shanye Ruwan Goggo Stojna

Duk kun ga gonar Goggo Stojna, don a bakin hanyar kasuwa take. Kun ga tattasanta ya yi yaushi, kuka kau da kai, kuka ce tsufa ne ya hana ta kula da shi.

Ba tsufa ba ne. Agogo ne.

Kwamfutar ofishin ƙungiyar manoma ce ke buɗe wa gonaki ƙofar ruwa bi da bi, Goggo kuma ita ce ta ƙarshe. Ma'aikatan dam suna rufe babbar ƙofa da tsakar rana, bisa agogonsu mai kyau. Namu ya yi baya. Kafin layi ya zo kanta, ruwan ya kusa ɗaukewa.

Da na dawo hutu daga jami'a na leƙa kwamfutar. Batirin agogonta ya yi sanyi, duk ɗaukewar wuta sai ya ƙara yin baya. Wurin da aka saita mata ta riƙa tambayo lokaci ta intanet kuwa, na'urar wani kamfani ce da ya daɗe da rufewa. Kullum tana sallama a gidan da ba kowa. Na ba ta sabon adireshi, nan take agogo ya daidaita. A ranar nan, Goggo ta samu ruwanta har ya ishe ta.

Washegari aka ɗauke wuta aka dawo da ita. Tsohon adireshin ya koma mazauninsa, kamar ban taɓa komai ba. Na sake gyarawa, ya sake gogewa.

Na sami shugaban ƙungiya, Kawu Metodija, yana kurɓar kofi a ofis.

"Kawu, me ke goge aikina?"

"Sannu, Farfesa Dafinka! Ɗan ƙanena Zlatko ne ya kulle ta kafin ya tafi Jamus, don yara suna cusa mata wasanni. Komai kika sa, da ta mutu ta tashi ya wanke. Hikima ke nan."

"To ba ni lambar sirrin in buɗe ta."

"Ki buɗe ki ɓata mana? Lafiyarta ƙalau."

Daidai nan ƙararrawar coci ta kaɗa sha biyu. Ya nuna fuskar kwamfutar da cokalin kofi.

"Kin gani? Sha biyu cif. Ko cocin ma ƙarya yake?"

"Kawu, ai wannan kwamfutar ce ke kaɗa ƙararrawar! Zlatkon ne ya ja wayar!"

"To madalla, bakinsu ɗaya."

Na miƙa masa wayata, tana nuna ana gab da sha biyu da rabi.

"Wannan lokacin 'yan babban birni Skopje ne. Mu nan ba ma gaggawa."

Sai ga Goggo ta shigo da tushen tattasai guda, ta ajiye masa kusa da kofin.

"Metodija, tare muka yi makaranta, har amsar lissafi ka kwafa a wurina. Da wannan zan dafa ajvar, miyar tattasan da zan ci da hunturu?"

"Haba Stojna, Allah zai kawo ruwan sama."

Gonarsa ce ta farko a layi. Kun san haka.

Tun daga ranar, duk sanda wuta ta ɗauke sai in hau keke in je in gyara da hannu. Mako mai zuwa zan koma makaranta, tattasai kuma yanzu yake fure. In ya rasa ruwa a wannan gaɓar, furen zai zube, ta yi asarar shekarar.

Ran Lahadi bayan coci akwai taron ƙungiya. Da ƙararrawa ta kaɗa, kowa ya zaro wayarsa ya duba da idonsa. Sannan ku biyo ni ofis, kada wanda ya tashi daga kujera sai Kawu Metodija ya buga lambar nan a gabanmu.