Gyauron Sakajiki

Cikin akuyar ya kumbura kamar ganga, Kulsumu kuma tana tsaye a kanta tana zaginta.

"Ga harawa, ga dussa, sai gyauro kinka gani? Makwaɗaiciya!"

Akuyar ta tsinke igiya ne ta faɗa gonar bayan gida, ta ci tohon dawar da ya sake fitowa bayan girbi. Ita ke nan akuyar Kulsumu, ga shi tana da ciki. Abin haushin, duk ƙauyen Sakajiki mutum ɗaya ne ya san maganin wannan, wato Baba Tambari maƙwabcinta, wanda ya yi shekara da shekaru yana leƙo kai ta katanga yana koya mata kiwon da ba ta tambaye shi ba. Turke ya yi rana. Kwano ya yi datti. A sa toka cikin wake. Har ta kai in ta ji tarinsa sai ta ƙara ƙarfin daka.

Yanzu kuwa yana kwance rai a hannun Allah, tun jiya bai ce uffan ba.

Ta ja mayafi ta shiga gidansa. Nafisa surukarsa ta tare ta a ƙofar ɗaki. "Gwaggo, ko ɗiyanai bai amsa ba. Addu'a za ki yi mishi."

Kulsumu ta durƙusa gefen tabarma, kunya kamar ta nutse. "Baba, sannu. Baba... akuyata ta ci gyauro."

Idon tsohon ya buɗe.

"Ban hwaɗa miki ba?"

Umar babban ɗansa ya saki carbi. Tun asuba yake laƙanta masa kalmar shahada.

"Man gyaɗa, ludayi guda. Ɗura mata sannu, kar ta shaƙe. Ki murza cikin ta hagu." Ya huta, ya ja numfashi. "Hagu nic ce, Kulsumu, na san ki. Kuma ki yi ta jan ta. Kar ki bari ta kwanta."

"Baba, ka ce La'ilaha illallahu," in ji Umar.

"Ina zuwa," in ji tsohon.

Kulsumu ta fita da gudu, tana jin haushinsa tana jin hawaye. Mutum yana bakin kabari, amma sai ya yi gori! Ta ɗura man, ta murza dama, ta tuna, ta koma hagu. Ta kama igiya tana zagaya tsakar gida, akuya na turjewa.

Tana cikin zagayen salati ya tashi a bayan katanga, kuka ya biyo baya.

Ta so ta yar da igiyar ta ruga, sai akuyar ta fara lanƙwasa gwiwa. Ta fizgo ta.

"Tashi! Ya ce kar ki kwanta."

Akuyar ta yi wata doguwar gyatsa mai wari, cikin ya soma sacewa. Kulsumu ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da jan ta a gindin katanga, suna wucewa ta wurin nan da gwiwar hannun Baba Tambari ta goge ƙasar katangar har ta yi sulɓi.