Tabon Ɗakin Ƙarshe

Gidan ɗaki huɗu ne a jere, da famfo ɗaya a tsakar gida, kuma har yanzu rabinsa na ƙungiyar ma'aikata ne. Su suka ba Malama rancen da ta saye shi, su ke yankar albashinta tun kafin ta ji ƙanshinsa. Ita tana ɗakin farko, biyu na 'yan haya, na ƙarshe kuwa yayanta ne ya zauna a ciki kyauta har Allah ya karɓi abinsa.

Ba ta taɓa ce masa ya tashi ba, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Duk ranar da dillali ya ce, "Malama, da ɗakin nan na haya ne, ai da tuni kin huta," ranar Yaya ba ya samun gaisuwa mai daɗi. Shi kuwa kullum yana wuri ɗaya, zaune a tabarma, ƙeya jingine da bango, rediyo a cinya, ƙofa a buɗe. A ganinta zaman kashe wando ne kawai.

Rasuwarsa ta zo daidai da ritayarta. Albashi ya tsaya, ƙungiya ta aiko cewa in biya ya tsaya, gidan zai shiga kasuwa. Dole ɗakin Yaya ya soma kawo kuɗi.

Da aka kwashe kaya sai ga tabo a bango, baƙi-baƙi, faɗin faranti, daidai inda ƙeyarsa ke taɓawa. Mai fenti ya shafe shi fes. Fenti na bushewa, tabon ya dawo. Aka ƙara shafawa, ya ƙara fitowa, kamar mai leƙowa ta bayan labule. Dillali ya kawo wani ango mai neman haya. Angon ya dubi bango ya ce, "Wa ya zauna a nan?" Daga "zan yi shawara" ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Kafin a ce kwabo unguwa ta ɗauka cewa mai ɗakin bai tashi ba.

Malama ba ta yarda da surutun banza, amma ita ma ta tsorata. Da rana tsaka, gida shiru, takan ji kamar ƙarar rediyo ƙasa-ƙasa daga can ƙarshe, sai ta saki famfo don ruwa ya danne.

"Ni dai ban taɓa yi wa fatalwa fenti ba," in ji mai fenti yana dariya, ranar da ta sake kiransa. "Maiƙo ne, Malama. Man kai da gumi sun shige cikin filasta. Sai an sassare wurin an sake shafe shi da siminti."

Ta dubi bangon. Tufafin Yaya an rabar, rediyon ma wani ya ɗauka, tabon nan kaɗai ya rage mata. Amma ƙarshen wata ba ya jiran mai makoki. Ta ce a sassare, ta tsaya a kai har aka gama, kowane sara tana jinsa a ƙirjinta.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta kama ɗakin, ita da tsohuwarta. Gida ya tsira. Malama ta je yi musu barka da zuwa, tana ɗaga labule ta tsaya cik. Tsohuwar tana zaune daidai wurin, ƙeya jingine da sabon fenti.

"Inna, ga kujera can, ai ta fi daɗi."

"A'a, 'yar nan, nan ya fi. Zo ki zauna ki gani."

Malama ta durƙusa kusa da ita. Daga nan ba a ganin famfo, ba a ganin igiyar shanya. Ƙofar gida kawai ake gani, da dakalin ɗakin farko inda take cire takalmi.

"Duk ɗakin nan daga nan kaɗai ake ganin wanda ya dawo," in ji tsohuwar. "'Yata ba ta da lokacin tashi daga aiki, hankalina ba ya kwanciya sai na ga shigowarta. Wanda ya bar ɗakin nan shi ma yana da mai fita aiki ne?"

Sai yanzu Malama ta tuna: rediyon Yaya ba ya mutuwa sai ta ajiye jakarta a dakali. Tun tana ƙarama shi ke tsayawa a bakin hanya ya jira ta taso daga makaranta, ashe bai taɓa dainawa ba.

"Yana da ita," ta ce. "Ƙanwarsa ce."