Ƙafafun Mama Afiniki

Farin takalmi ne irin na 'yan makaranta a ƙarƙashin zanen Zumuntar Mata ta coci, kuma shi mutanen unguwa suke fara gani kafin su ɗaga kai su gane Mama Afiniki. Kowace safiya takan fito daga gidan ɗanta, ta tsallake layin dogo, ta miƙe hanyar Kagoro, tsaunin garin na gabanta.

Ba tudu ne yake wahalar da ita ba, ba kuma gwiwa ba. Kirkin mutane ne. Ta daɗe tana shugabar makarantar firamare a Kafanchan, rabin masu abin hawa a garin sun bi ta hannunta, ba kuwa wanda zai iya wuce ta tana ƙasa.

Jamiluddeen mai sayen citta ya taka birkin babur ɗinsa a gefenta.

"Mama, ina kwana? Hau in sauke ki."

"Ka san inda za ni ne?"

"Ko ina ne, Mama."

"To ba inda za ni. Tafiya nake yi."

"Haka kawai?"

"Haka kawai. Tun kana firamare sai an faɗa maka magana sau biyu. Wuce."

Ya wuce yana waiwaye.

Ciwon suga likita ya ce tana da shi. Ya ce ta rage tuwo, ta bar lemon kwalba, ta riƙa tafiya kullum. Ba sai ya yi dogon bayani ba. Ita ce ta riƙe kan yayarta Asibi ranar da aka fito da ita daga ɗakin tiyata saboda wannan ciwon, zanin gado ya kwanta shafe a inda ƙafar hagu take a da. Yanzu kuma ita ma 'yan yatsun ƙafarta sun fara yi mata kamar ana tsira allura.

Ranar Lahadi bayan sujada, ɗanta Gilbert, dattijo a ikilisiya, ya dawo fuska a ɗaure. Ya tarar da ita tana cin faten acca da ganye.

"Mama, har a ƙofar coci ana tambayata ko motata ta lalace. Ana cewa na bar uwata tana yawo a titi kamar wadda ba ta haifi kowa ba."

Ta ci gaba da cin abincinta.

"Ga tsakar gida. Ki zagaya iya son ranki, ba mai ganinki."

"Akuya ce ni, da za a ɗaure a turke in yi ta zagaye?"

"Ba haka nake nufi ba. Mutane ne..."

"Mutane." Ta ajiye cokali. "Ranar da aka yanke wa Asibi ƙafa, mutanen nan duk sun zo. Sun kawo addu'a, sun kawo lemon kwalba. Ban ga wanda ya kawo ƙafa ba."

Gilbert ya shafa tumbinsa.

Da safe ta ɗaura takalminta ta fita. Ba ta yi nisa da layin dogo ba ta ji ƙarar inji a bayanta, a hankali, ba ta matsowa, ba ta nisa. Gilbert ne. Ya samo dabara: in dai gari ya ga motar tana biye da ita, ba wanda zai ce an yar da tsohuwa.

Matan da suke shanya citta a bakin hanya suka miƙe tsaye. Wani tsoho a kan keke ya sauka, ya tsaya yana kallo.

Mama Afiniki ta juya, ta tako har gaban tagar direba.

"Gilbert, bayan gawa ake jan mota haka. Ka ga an sa ni a akwati?"

"Haba, Mama!"

"Ko ka wuce, ko ka sauko."

Ba ta jira amsa ba. Ta juya wa motar baya, ta fuskanci tsauni, hannuwanta suna kaɗawa kamar lokacin da take jagorantar yara maci.

Injin ya mutu. Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Can sai ga ƙarar takalmin ofis a kan tsakuwa, da numfashin mutumin da ya manta rabonsa da tudu.

"Mama... ki rage sauri."

Ta ƙara.

Wani babur ya taka birki a bayanta. Muryar Jamiluddeen ce, cike da tausayi.

"Oga Gilbert! Mota ta lalace ne? Hau in sauke ka."

Mama Afiniki ba ta waiwaya ba. Ta dai sassauta takunta kaɗan, don ta ji amsar da zai bayar.