Tara Ya Ce a Rubuta

"Rubuta huɗu," in ji matar Mai Sikeli. "Don Allah maƙwabci, huɗu."

Mai Sikeli yana kishingiɗe a bakin ƙofa, ƙyalle naɗe a wuyansa. Ya ɗaga yatsu tara. Tun da ciwon dajin maƙogwaro ya dawo masa muryar ta tafi, hannun kuma rawa yake, shi ya sa ni nake cike masa littafin da asibiti suka ba shi. Sabon magani suke gwadawa a kan mutane ƙalilan, ba wanda ya san ko zai yi. Kullum da safe sai a rubuta zafin da yake ji, daga ɗaya zuwa goma. An kuma faɗa mana ƙarara: in maganin ya fi ƙarfin jikinsa za a dakatar. Bayan wannan kuwa babu wani magani.

"Kai dai da taurin kai!" ta ce masa. "Shekara talatin kana gyara wa mutane sikeli, yanzu ciwon ma sai ka auna shi daidai? Su cire ka, in kama wa?"

Wallahi ta ba ni tausayi, ni ma kuma ba na son rasa shi. Na rubuta huɗu.

Ashe idonsa na kaina. Ya jawo ɗan allon da yake mana magana da shi, ya daɗe yana fama da alli: "Wani zai sha maganin nan bayana." Ya goge, ya sake rubutawa, ya nuna ni da yatsa: "Ɓarawon awo."

Dariya ta ƙwace mana, har da ita, tana share hawaye da bayan hannu. Na soke huɗun, na sa tara.

Ranar Talata likita ta duba littafin, ta sake gwada jininsa, ta dakatar da maganin. Sati bakwai ya ƙara, yana tsokanata da allon nan kullum. Da hantsi ya cika, kansa a cinyar matarsa. Allah ya jiƙansa.

Da nas ta zo karɓar littafin, matar ta buɗe shafin nan, ta jima tana kallon huɗun da aka soke, sannan ta miƙa. Ta tashi ta goge ƙurar tsohon sikelinsa da ke rataye a ƙofa. Farantan biyu suka yi ta lilo, suka yi ta lilo, har suka tsaya daidai.